Sallah, Kirsimeti da Yatsun Yara: Tambayoyi da Amsoshi Kan Wasannin Koyon Haruffa da Lambobi

Tambayoyin nan su ne suka fi yawo a bakin iyaye da malaman nazare da na islamiyya a Kaduna duk lokacin da biki ya ƙarato. Amsoshin sun shafi yara 'yan shekara 3 zuwa 5, waɗanda ba su shiga aji ɗaya na firamare ba.

Mene ne horar da yatsu, kuma me ya haɗa shi da koyon haruffa?

Kafin yaro ya rubuta harafi ɗaya mai kyau, sai yatsu uku sun iya aiki tare: babban yatsa, manuniya da na tsakiya. Sauran biyun kuma su lanƙwashe cikin tafi su zama matokara. Wuyan hannu ya tsaya, ɗaya hannun ya danne takarda, ido ya bi bakin fensir. Ƙarfin nan daga kafaɗa yake farawa, ya sauko gwiwar hannu, sannan ya iso yatsu, kuma ba a tsallake mataki.

Shi ya sa ɗan shekara 3 da aka ba shafi guda a ce ya cika shi da 1 zuwa 50 yake danna fensir har takarda ta huje, ko ya yi ta yarfa hannu yana kuka. Ba ƙiwa ba ce, hannun ne bai nuna ba. Mulmula, tsinta, yaga, zura zare da matsa abu su ne suke nunar da shi.

To me ya sa sai an jingina wasan da biki?

Saboda hankalin yaro yana can tun kafin a kira shi. Mako biyu kafin Sallah ba shi da zance sai rago da sabon ɗinki. Idan aka ce "rrr, rago", sautin ya sami wurin zama a kansa, ba kamar hoton wani abu da bai taɓa gani ba. Ga kuma kayan aiki sun cika gida: kwalaye, ƙyallayen tela, marafan lemo, ƙwallon dabino.

Sai dai bikin koto ne kawai. Kuskuren da ya fi yawa shi ne malama ta yanka, ta manna, ta ƙawata, yaro ya ɗiga gam sau ɗaya, a tura gida a ce aikinsa ne. Idan katunan yara ashirin suka fito iri ɗaya tsaf, to yatsun malama aka horar. Karkataccen rago mai ƙafa biyar da yaro ya yi da kansa ya fi amfani.

A wace shekara ya kamata yaro ya iya me?

A bisa yawanci, ɗan shekara 2 yana kwaikwayon layi a tsaye, sannan a kwance. Wajen shekara 3 ya iya da'ira. Tsakanin 3 da rabi zuwa 4 sai alamar tarawa, a 4 zuwa 4 da rabi murabba'i da layi a karkace, wajen 5 kuma siffa mai kusurwa uku. Riƙon fensir ma haka yake tafiya: da dunƙule, sannan da yatsu duka suna kallon ƙasa, sannan da yatsu uku ko huɗu. Riƙon manya yakan zauna tsakanin shekara 4 zuwa 6.

Amfanin sanin wannan shi ne zaɓen harafi. Yaron da bai iya layi a karkace ba ba zai rubuta K ko W ba, komai yawan maimaici. An yi bayanin jerin haruffan a tambayar "Da wane harafi za a fara?" a ƙasa. Watanni kaɗan gaba ko baya ba abin damuwa ba ne. Alamomin da suke buƙatar likita suna tambaya ta ƙarshe.

Waɗanne kaya ake buƙata, kuma sai an sayi na kanti?

Ba sai an saya ba. A tara kwali, kiret ɗin ƙwai, marafan roba, abin maƙale shanya guda goma, igiyar takalmi, makaroni mai rami, auduga, tsofaffin kalanda da yashi tankaɗaɗɗe. Abin da za a saya bai wuce almakashin yara mai dakusasshen baki, farin gam, alli da kalar zane ba, kuma duk ana samun su wajen masu kayan makaranta a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko Kasuwar Barci. Ƙyalle kuwa, kowane tela yana neman wanda zai kwashe masa shi a makon Sallah.

Alli da kala a kakkarya su gajeru, kamar santimita 3. Guntu ba ya riƙuwa da dunƙule, dole yaro ya sa yatsu uku ba tare da an yi masa faɗa ba. Idan gam ya ƙare, a dama fulawa cokali 2 a ruwa kofi 1, a dafa ana juyawa har ya yi kaurin koko. Yana manna takarda sosai, amma kwana biyu yake yi ya yi tsami.

Yaya ake haɗa ƙullin wasa a gida?

A auna da gwangwanin madara: fulawa 2, gishiri 1, ruwa kusan 1, man gyaɗa cokali 2. A haɗa fulawa da gishiri, a zuba kala a cikin ruwan (ba a kan fulawa ba, don kada ya yi dabbare-dabbare), a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan ana murzawa minti biyar zuwa bakwai. Kalar abinci ta fi fita. Ruwan zoɓo yana ba da ja mai duhu, kurkum rawaya, garin zogale kore.

Idan yana manne wa hannu, ruwa ya yi yawa, a barbaɗa fulawa. Idan yana tsagewa in an mulmula shi doguwar igiya, ko dai murza bai isa ba ko mai ya yi kaɗan. Idan yana ƙaiƙayi kamar yashi, gishirin mai manyan ƙwayoyi ne, a daka shi ko a narkar da shi a ruwan ɗumi tukuna. Da hunturu yakan bushe a hannun yaro cikin ɗan lokaci, don haka a ba shi curi ɗaya kamar girman ƙwai, sauran a rufe a leda. Da damina kuma gishirin yana jan laima, ƙullin ya yi gumi ya yi fumfuna. A sa a firji ko a yi kaɗan. Ba na ci ba ne, gishirinsa ya yi yawa ga yaro, kuma a kiyaye kada akuya ko kare su same shi.

Waɗanne wasanni ne suka dace da azumi da Ƙaramar Sallah?

Kiret ɗin ƙwai rami 30 gare shi, daidai da kwanakin wata. A rubuta 1 zuwa 30 a cikin ramukan. Kullum bayan shan ruwa yaro ya ɗauki wankakken ƙwallon dabino ɗaya da yatsu biyu ya saka a ramin ranar, ya taɓa waɗanda suka gabata yana ƙirgawa. A yi wa rami na 30 wata kala daban, a gaya masa wannan sai an ji sanarwar ganin wata daga Sarkin Musulmi, domin watan yana iya tsayawa a 29. Ga ɗan shekara 3, lambobi talatin sun yi yawa: a yanki layi biyu na kiret, a yi masa goman ƙarshe kawai, 1 zuwa 10.

Na biyu, jinjirin wata na kwali, tsawon tafin hannun babba. A huda ramuka takwas zuwa goma a gefensa, tazarar yatsu biyu, a rubuta lamba kusa da kowane rami. Yaro ya zura igiyar takalmi yana bin lambobin. Idan zare ne ba igiyar takalmi ba, a naɗe bakinsa da salatif ya yi tauri, in ba haka ba zai warware, yaro ya gaji ya jefar. A ƙulle ɗaya bakin a rami na farko.

Na uku shi ne ranar cincin. A gutsura wa yaro nasa ƙullin, ya mulmula shi igiya mai kaurin fensir, ya lanƙwasa C ko O ko 1, ko ya yayyanka da wuƙar roba yana ƙirga biyar-biyar. Idan ya fi fensir kauri, waje zai ƙone ciki bai soyu ba. Suya ta manya ce, yara su bar wurin.

Babbar Sallah fa?

Rago ya ishe ku mako guda. A yanko jikinsa a kwali ba ƙafafu, yaro ya maƙala masa abin shanya huɗu su zama ƙafafu, yana ƙirgawa. Matsa abin shanya yana daga cikin ayyukan da suka fi ƙarfafa babban yatsa da manuniya. A lura kada ya matsa da tafi gaba ɗaya. Jikin kuma ya yayyaga takarda ƙanana ya manna. Ragunanmu ba su da ulu irin na hotunan littattafai, don haka ba sai an nemi auduga ba. Ragon Uda ma ya fi daɗin yi: gaba baƙi ko ja, baya fari, yaro ya ware kala biyu.

Ƙahon shi ne darasin da ya fi muhimmanci. Ya mulmula ƙulli ya naɗe shi murɗaɗɗe. Wannan juyin shi ne zai dawo a 6, a 9, da ƙananan a da o. Wanda ya taɓa ganin hawan Sallah a Zariya, ko a waya, a yi masa doki: a huda wuyan dokin kwali, ya zura zaren saƙa ya yi geza, ya manna ƙyallen tela a matsayin kwalliya, a ɗora masa D.

Kirsimeti, Ista da ranar 1 ga Oktoba fa?

Ga Kirsimeti, a yanka koriyar takarda sala biyar masu bambancin tsawo, a rubuta 1 a kan mafi gajarta har 5 a kan mafi tsawo. Yaro ya jera su daga sama zuwa ƙasa, bishiya ta fito. Sannan ya ɗora ado daidai da lambar kowane layi: ɗigon ƙulli ɗaya a layi na 1, biyar a na 5. Sarƙar takarda mai zobe 25 daga 1 ga Disamba tana aiki irin na kiret ɗin azumi, kullum ya datse zobe ɗaya da almakashi. Faɗin takardar kada ya wuce yatsu biyu, don ta yanku da datsa ɗaya. Lokacin hunturu ne: gam yana bushewa kafin yaro ya ɗora abu, a riƙa ɗiga masa kaɗan-kaɗan. Idan an shafa masa basilin saboda kaushi, a goge kan yatsun, in ba haka ba komai zai riƙa sulɓewa.

Ga Ista, saƙar takarda sama-ƙasa, irin yadda ake saƙa ganyen dabino a Lahadin da ke zuwa kafin Ista, ta dace da 'yan shekara 5. Ga ranar 'yancin kai kuwa, tutar Najeriya ce mafi sauƙi: gida uku a tsaye masu faɗi ɗaya, kore, fari, kore. Ya yaga koriyar takarda ya cika gida na 1 da na 3.

Ajinmu akwai Musulmi da Kirista. Yaya za a yi ba tare da ɓacin rai ba?

A sanar da iyaye tun mako guda kafin a fara, a faɗa musu ainihin abin da za a yi. A aji mai gauraye, a tsaya kan abin da kowane gida ya sani a bikinsa, daga Rigasa har Sabon Tasha: sabon ɗinki, cincin, shinkafa da kaza, tauraro, kai wa maƙwabta abinci. Abin da ya shafi ibada a bar wa gida, islamiyya da makarantar Lahadi. Akwai gidajen da ba sa son a sassaƙa mai rai da ƙulli, akwai waɗanda ba sa Maulidi. A tanadi madadi, kamar hula ko faranti, domin horon yatsun ɗaya ne.

Da wane harafi za a fara? A makaranta Turanci ake yi, a gida Hausa.

Ba dole a bi A, B, C a jere ba. Harafin farko na sunan yaro ya fi kowanne shiga ransa. Bayan shi a bi sauƙin zane: masu miƙaƙƙen layi (L, T, H, I), masu lanƙwasa (O, C, U, D), sannan masu karkata (K, M, N, W). S na Sallah yana cikin mafi wuya domin yana juyawa sau biyu, don haka a yi shi da ƙulli ko a yashi, kada a nemi a gan shi da fensir. A lambobi, 1, 7 da 0 sun riga 2, 3 da 5, ita kuwa 8 ta ƙarshe.

Game da harsuna biyu, a fara da baƙaƙen da sautinsu bai saɓa ba: L na lalle, T na tauraro, D na doki, M na masa, K na kaza. C ne mai rikici, domin na cincin daban yake da yadda malama take furta shi a aji. Wasula ma haka: sunan E a Turanci shi ne sautin I a Hausa. A gaya wa yaro kai tsaye, "a Hausa haka yake faɗa, a makaranta haka." Yara suna ɗaukar wannan fiye da yadda ake zato. Masu ƙugiya, Ɓ, Ɗ da Ƙ, sai bayan ya san B, D da K. Da ƙulli abin yana fita sarai: ya yi K na kaza, ya ɗora guntun ƙugiya ya koma Ƙ na ƙaho.

Za a iya koyar da baƙaƙen Larabci ta wannan hanya?

Ƙwarai. Ba, ta da sa (ب ت ث) jikinsu ɗaya, ɗigo ne ya raba su: ɗaya a ƙasa, biyu a sama, uku a sama. Yaro ya yi kwale-kwale uku da ƙulli, ya mulmula ɗigo ya ɗora, ya sami harafi da ƙirgen 1, 2, 3 a zama ɗaya. A tambayi malaminsa wane rubutu suke bi, domin a rubutun makarantar allo fa ɗigonta ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗaya a sama, a yawancin islamiyyu kuwa fa ɗaya a sama, ƙaf biyu.

A tsaya kan baƙaƙe ɗaiɗai. Kada a rubuta aya ko sunan Allah a yashi, ƙulli ko takardar da za ta ƙare a shara. Don kada rubutun Larabci da ke farawa daga dama ya rikice da na boko da ke farawa daga hagu, a raba musu lokaci da farantin yashi, a sa koren ɗigo a gefen da ake farawa. Lambobin Larabci a jinkirta su: ٥ tana kama da sifili, ٦ tana kama da 7.

Yaya ake yin farantin yashi da haruffan shafawa?

A tankaɗe yashi, a zuba a faranti mai duhun ciki, kaurinsa kada ya kai rabin santimita. Idan ya yi yawa layin ba ya fita, yaro ya koma tono. A ajiye katin harafin a gabansa, ya zana da manuniya yana furta sautin, ya girgiza ya sake.

Haruffan shafawa dabara ce da aka san Maria Montessori da ita, wadda ta buɗe makarantarta ta farko a Roma a 1907. A zana harafi mai tsawon santimita 10 zuwa 12 a kwali, a bi shi da gam faɗin yatsa, a barbaɗa yashi, a bar shi ya kwana. A sa ɗigo inda ake farawa. Muhimmin abu a nan shi ne hanya: daga sama zuwa ƙasa, O kuma ta juya ta hagu. Yaron da ya saba farawa daga ƙasa yana wahalar gyaruwa a firamare.

Ɗana yana ƙirga har 20, amma in na ce ya ba ni 5 sai ya dumbuzo. Me ke nan?

Ya haddace waƙar ƙirge, bai gane adadi ba tukuna. Abu biyu suka rage masa: kowane abu lamba ɗaya, kuma lambar ƙarshe ita ce jimla. A koma 1 zuwa 3. A jera marafa, ya janye kowanne gefe yana faɗin lambarsa, a tambaye shi "nawa ke nan?" Idan ya sake ƙirgawa daga farko maimakon ya ce uku, a ci gaba da zama a nan. Rabon abincin Sallah ya dace da wannan: faranti huɗu na maƙwabta, kowanne a sa masa curin ƙulli biyu. Kiret ɗin da aka ambata a tambayar azumi ma yana taimakawa, domin rami ɗaya ƙwallo ɗaya yake ɗauka.

Waɗanne haɗura ne za a kiyaye?

Duk abin da zai wuce ta cikin kwalin tsakiyar tishu bai dace da yaron da bai kai 3 ba, kuma ƙannen da ke rarrafe a gefe su ne aka fi mantawa da su. A ƙirga ƙwallaye da marafa kafin wasa da bayansa. Wake ko gyaɗa in sun shiga hanci ko kunne, kada a sa tsinke ko ashana, kada a zuba ruwa, domin wake kumbura yake yi; a tafi asibiti. Ƙaramin batir mai kamar maɓalli, irin na agogon wasa da fitilun ado da ake saya wa yara a biki, yana iya ƙona maƙoshi cikin sa'o'i biyu in an haɗiye shi. Wannan na gaggawa ne ko da yaro yana wasansa. Fasasshen balan-balan a kwashe nan take, zare kada ya wuce santimita 30, rezar fiƙe fensir ta zauna hannun manya.

Masu son a zana wa yara harafi da lalle su tsaya kan jan lalle. Baƙin da ake haɗawa da dayis yana iya tayar da ƙuraje da tabo a fata.

'Yata bahaguwa ce, kuma tana juya 3 da S baya. A gyara mata?

Hannun rubutu kada a canja shi da tilas. Yara da yawa sai tsakanin shekara 4 zuwa 6 suke tsayawa kan hannu ɗaya. A ajiye kayan a tsakiyar gabanta, a ga wanda take miƙawa. Koya mata ci da karɓa da dama abu ne daban, yana tafiya ba tare da an taɓa rubutu ba. A karkata mata takarda ta yadda samanta zai kalli dama, a zaunar da ita a gefen hagu na benci don kada gwiwar hannu ta yi karo da ta maƙwabciya. Almakashin dama a hannun hagu yakan tauna takarda kuma ya rufe mata layi, a nemi na hagu in da hali.

Juya harafi kuwa abu ne da aka saba gani har wajen shekara 7. Haruffan shafawa masu ɗigon farawa su ne maganinsa, ba gogewa da faɗa ba.

Minti nawa a rana, kuma yaya za a yi da aji mai yara 40?

Minti 5 zuwa 10 ga ɗan shekara 3, 10 zuwa 15 ga ɗan 5, kullum, ya fi awa guda ranar Asabar. A tashi tun yana so. Ƙafafunsa su taɓa ƙasa in a kujera yake. In benci ya yi masa tsawo, gara tabarma, ya kwanta rub da ciki ya dogara da gwiwar hannu. Zane da alli a bango ko da ruwa a katanga yana ƙarfafa kafaɗa da wuyan hannu. A babban aji, a raba su rukuni biyar na yara takwas: ƙulli, yashi, zura igiya, yaga da mannawa, da almakashi. Malama ta zauna wajen almakashi, rukunai su riƙa juyawa kowace rana.

Yaushe ne ya kamata a kai yaro wajen likita?

Idan ya kai shekara 4 bai iya kwaikwayon da'ira ba ko har yanzu da dunƙule kawai yake riƙe kala duk da ana yi masa wasannin nan watanni. Idan hannu ɗaya kullum a dunƙule yake ko ba ya amfani da shi. Idan hannunsa yana rawa in zai ɗauki abu. Idan yana kai takarda dab da ido ko yana karkata kai. Ko kuma ya daina yin abin da a da ya iya. Yaron da ya nace wa hannu ɗaya tun bai cika shekara ɗaya ba shi ma a duba shi, domin yana iya zama ɗayan ne ke da rauni. A fara da asibitin unguwa, su tura sashen yara na babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Barau Dikko. A tafi da zanensa na watanni biyu ko uku da kwanan wata a jiki, a kuma nemi a gwada idonsa da jinsa a wannan zuwan.